Adireshin da Muka Yi Tarayya da Ɓarawo

Layin intanet na gidanmu da sunana aka yi shi, ko da yake ba ni ne babba ba. Yayana ne mai gidan tun rasuwar mahaifinmu, shi ne kuma mai shagon kayan babur da muke zama tare a bakin babbar kasuwar Garuwa. Sai dai Yaya bai yi lekol ba, wato boko, karatun addini ya yi, don haka duk abin da ya zo da Faransanci ni yake turo wa. Ranar da 'yan kamfanin waya suka zo kafa mana akwatin nan da kowa a gari ke kira bokis, katin shaidata na miƙa, ni na sa hannu.

Gidan namu babba ne, kakanmu ya gina shi bayan fatauci ya kawo shi daga Kano ya zauna. Iyalin Yaya suna sashen gabas, nawa suna yamma, sai ɗaki ɗaya kusa da zaure da muke ba da haya. Wanda ke cikinsa a lokacin mutumin Touboro ne, ma'aikacin kamfanin auduga, aikinsa zagaya manoma yana duba gonaki. Ya daɗe tare da mu, har yara sun saba faɗawa ɗakinsa shan ruwan firiji. Hausarsa ta ciniki ce kawai, da Fulatanci muke hira, in magana ta yi tsauri mu koma Faransanci. Mesiye muke kiransa, shi yana ce wa Yaya Alhaji, ni kuma Malam. Da aka kafa bokis, Yaya da bakinsa ya ce a ba shi kod ɗin shiga, wai ba a zama gida ɗaya a yi wa mutum rowar iska.

Cikin tsakiyar zafi ne, lokacin da kogin Binuwai ke janyewa ya bar yashi, wani mutum ya tsaya a ƙofar shago ya tambaye ni da cikakken sunana. Ba kaki a jikinsa, amma tsayuwarsa ta gaya mini ko wane ne. Ya ce ana son ganina a komisariya, ofishin 'yan sanda, ba wani abu ba ne, 'yan tambayoyi ne. Yaya yana auna wa wani ɗan moto, wato ɗan acaɓa, sarƙa, bai ɗago kai ba sai da mutumin ya tafi.

Ya ce, “Me ka yi?”

Na ce ban sani ba.

“To je ka ji. Kada ka sa hannu a kan komai.”

Na sami mutane zaune a benci suna jira. Na gane mai kantin magani ta bayan layinmu, muka gaisa sama-sama, kowa yana kawar da ido, don ba wurin da mutum ke son a gan shi ba ne. Da aka kira ni ciki, wani jami'i matashi mai tabarau ya ba ni kujera. Ya ce akwai wanda ya buɗe shafi a intanet yana yi wa samari alkawarin aiki a kamfanin auduga, yana karɓar kuɗinsu, daga nan ya ɓace. Ya juyo mini da fuskar kwamfuta ya ɗora yatsa a kan wata lamba mai kashi huɗu, ɗigo a tsakanin kowane kashi.

“Ka san wannan?”

Na ce ban taɓa ganinta ba.

“Adireshin da aka yi aikin da shi ke nan. Layinka yana kansa a lokacin. Su wa ke shiga bokis ɗinku?”

Na lissafa masa mutanen gida, matanmu da yara manya, da ɗan haya. Ya tambayi sana'ar kowa. Da na ce ɗan hayan a kamfanin auduga yake, sai ya daina buga abin da yake bugawa, ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya ci gaba. Ya ce in tafi, in an buƙace ni za a neme ni.

A zaure na ba Yaya labari bayan la'asar. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na maimaita masa wurin tabarau.

Ya ce, “Kai ka tabbata ba ka taɓa danna wani abu ba? Kullum kana kan wayar nan.”

Raina ya ɓaci, na ce in yana so ga wayar ya bincika. Ya karɓa kuwa. Ya jujjuya ta, ba abin da zai iya karantawa a ciki, ya miƙo mini. Da yamma ya tara wayoyin samarin gidan a kan tabarma, ya sa ni in duba ɗaya bayan ɗaya suna tsaye. Ban ga komai ba sai ƙwallo da hirar 'yan mata. Yaya ya sallame su, ya zauna yana kallon ƙofar ɗakin Mesiye, wanda ya tafi rangadi wajen Bibémi.

Daga ranar gidan ya canja. Hajiya, matar Yaya, ta tuna cewa samari kan zo neman Mesiye da takardu a hannu. Gaskiya ne suna zuwa, mun sha ganinsu, 'yan garinsu ne da ke neman ya sa musu baki a wurin aiki, ba wanda ya taɓa damuwa da su. Matata ta tuna ya sauya babur kafin azumi. Wani cikin yara ya ce in an kira Mesiye a waya fita yake yi har gindin darbejiyar ƙofar gida. Ni na san rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sosai a ɗakin nan, ni ma in na shiga sai na fito nake jin magana. Na faɗa musu haka. Amma da na gan shi bayan ya dawo, tsaye a gindin bishiyar ya juya wa gida baya yana magana ƙasa-ƙasa da yarensu, sai na ji ƙafata ta rage sauri, kunnena yana neman kalmar da zan gane.

Yaya ya ce in canja kod. Na ce masa in mun canja ba mu gaya wa mutumin ba, mun riga mun yanke masa hukunci. Bai yi gardama ba. Washegari da na dawo cin abincin rana na tarar an cire bokis daga bangon baranda, an bar ƙusa biyu da jelar waya. Yaya ya kai shi ɗakinsa ya kulle a kabad. Gida gaba ɗaya muka koma sayen kati.

Mesiye ya tambayi yara, suka ce masa bokis ya lalace. Ya yi shiru da maganar har kusan mako, yana gaishe mu kamar kullum. Ran Lahadi da safe ya same mu a zaure, ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma.

Ya ce, “Alhaji, na ji an kira Malam a komisariya kan maganar masu sayar da aikin ƙarya.”

Yaya ya ce, “Wa ya gaya maka?”

“A wurin aikinmu kowa ya san da maganar shafin, an ma gargaɗe mu. Zancen kiran kuwa a bakin 'yan moto na ji.”

“Wane ɗan moto?”

Mesiye ya yi ɗan murmushi. Ya ce, “Alhaji, in akwai abin da kake so ka tambaye ni, ga ni. Ga wayata, ga kwamfutata a ɗaki.”

Yaya ya ce ba wanda ya ce ya yi wani abu, bokis ne ya lalace, za a gyara. Mesiye ya jira ko za a ƙara wata magana, ba a ƙara ba, ya sa takalminsa ya fita. Da ya yi nisa Yaya ya ce da ni, “Ka ga yadda ya yi saurin miƙo waya? Mai hankali ai ya riga ya share.” Na tabbata da bai miƙo ba, cewa zai yi ɓoyewa yake.

Ana cikin haka babbar 'yar Yaya ta zo hutu daga Ngaundere, inda take karatun harkar sadarwa a jami'a. Tun a mota take neman rezon gida a wayarta ba ta gani ba. Uwarta ta ja ta ɗaki ta ba ta labari. Da ta fito ta same ni ina alwala.

Ta ce, “Baffa, lambar da aka nuna maka, kashi huɗu ce da ɗigo-ɗigo?”

Na ce haka take.

“Kai kaɗai aka kira?”

Sai a lokacin na tuna da bencin nan da mai kantin magani. Na gaya mata. Ta ce tana so mahaifinta ya fito da bokis, akwai abin da za ta nuna mana.

Sai da ta yi da gaske kafin ya yarda. Aka jona shi a falonsa, ta zauna a ƙasa, mu muna kan kujera. Ta ce duk na'urar da za ta yi magana a intanet sai tana da adireshi, don a san inda za a mayar mata da amsa. Tsarin da aka fara da shi tun da, adireshinsa biliyan huɗu ne da ɗoriya, a lokacin ana ganin har abada ba za su ƙare ba. Da wayoyi suka cika duniya sai suka yi kaɗan. Kamfanonin waya suka koma haɗa gidaje da yawa a bayan adireshi guda. Wanda ke kallo daga waje lamba ɗaya yake gani, alhali mutanen da ke bayanta sun fi ƙarfin unguwa.

Yaya ya ce, “Wato kamar a manna wa baburan gari guda lamba ɗaya.”

“Haka ne, Baba.”

“In ɗaya ya buge mutum ya gudu, a zo a kama ni.”

“A zo a tambaye ka, kai da sauran.”

Ta buɗe wani shafi a wayata, lambarmu ta wannan rana ta fito. Ta ce mu je wurin mai kantin magani, in dai kamfaninmu ɗaya, mai yiwuwa mu ga abin mamaki, ko da yake ba dole ba ne, don lambar tana sauyawa. Ni da ita muka je. Matar ta fara ƙin maganar, ta ce ita ba ta san wata komisariya ba. Da na ce ai tare muka zauna a benci, sai ta saki jiki, ta ce ita ma abin da aka tambaye ta ke nan, kuma tun ranar ba ta bari ƙanin mijinta ya taɓa kwamfutar kantin. 'Yar wana ta buɗe shafin a kan layinsu. Na ɗora wayata kusa da tata, na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ba su bambanta da komai ba.

Na dawo gida da sauri, ina ganin magana ta ƙare. Yaya ya ji bayanin, ya daɗe yana shafa gemu.

Ya ce, “To yanzu kun nuna mini cewa kamfanin nan ya zuba ni buhu ɗaya da mutanen da ban sani ba, bai gaya mini ba. Wannan na ji. Amma ina abin da ya nuna ba mutumin nan ba ne?”

'Yar tasa ta ce babu. Ta ce abin da ta nuna kawai shi ne lambar ba ta nuna kowa ba.

“Ashe ba ki cire shi ba, wasu kika ƙaro.” Ya dube ta da kyau. “Ke me ya dame ki da shi haka? Ya kira ki ne kafin ki taho?”

Ta tashi ta bar falon. Ba ta sake cin abinci tare da shi ba sai ana gobe za ta koma.

Ni da ita mun koma wurin jami'in mai tabarau, ta yi masa bayani da Faransancinta na jami'a. Ya bar ta ta gama, ya ce ya san duk wannan, shi ya sa yake kiran mutane da yawa, kuma bai tuhumi kowa ba. Na roƙe shi ko zai faɗa mini cewa gidanmu ya fita daga maganar, in kai wa yayana. Ya ce bincike bai ƙare ba, ba zai iya cewa wani ya fita ba. A hanyar dawowa ta ce mini akwai sabon tsari da aka ƙirƙiro tun tuni saboda wannan ƙarancin, IPv6, ta furta shi i-pe-ve-sis. Adireshinsa suna da yawan da kowane gida zai sami nasa, har kowace waya, ba za su ƙare ba. Ta ce sannu a hankali ake komawa kansa, don sai kamfanoni sun sauya kayan aiki. Na tambaye ta da muna kansa da yanzu an san mai laifi. Ta ce da an san gidan, ko da ba a san mutumin ba. Na yi ta juya wannan har muka iso, ban iya cewa wanne na fi so ba.

Mesiye bai kai damina a gidan ba. Ya ce an mayar da shi Touboro, kusa da iyalinsa. Daga baya wani abokin aikinsa da ke sayen taya a wurinmu ya ce shi ya nemi a mayar da shi. Ranar tafiyar ya bar wa yara firijin, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya yi sallama. Yaya ya raka shi har bakin mota, ya yi masa addu'a mai tsawo, da gaske kuma yake yi, na san muryarsa. Da motar ta sha kwana ya ce, “Allah ya sa ba gudu ba ne.”

Bayan shekara ko fiye, kamfanin waya ya aiko a sauya mana bokis. Wata mata ce ta zo, da hular kwano da jakar kayan aiki a bayan babur. Yaya ya hana ta taɓa komai sai ya ji dalili. Ta ce tsohon ba ya ɗaukar sabon tsarin adireshi, wannan yana ɗauka.

“Wa ya ce ina so?”

Ta ce duk layin unguwar ake sauyawa, kuma ba a biyan komai.

“Ba a biyan komai,” in ji Yaya, ya juyo ya dube ni. “To su me za su samu?”

Matar ta ce ita dai an aiko ta ne. Da ta gama haɗawa na roƙe ta ta nuna mini sabon adireshin. Dogon abu ne, lambobi gauraye da haruffa, kashi-kashi, ɗigo biyu-biyu a tsakani, ba mai iya riƙe shi a ka. Ta ce farkonsa na gidanmu ne mu kaɗai, ƙarshensa kuwa kowace waya ita ke yi wa kanta, tana kuma sauyawa lokaci-lokaci. Tsohon adireshin ma bai tafi ba, yana nan yana aiki a gefe, don har yanzu akwai wurare da yawa da ba su san sabon ba.

Yaya ya sa na kira 'yarsa, wadda a lokacin ta fara aiki a Yawunde. Ya karɓi wayar ya ce, “Wannan doguwar lambar, wa ke ganinta?”

Na ji muryarta tana cewa duk shafin da ya shiga zai gani, kamfani kuma ya san ta gidan wa ce.

“Da can an haɗa ni da ɓarayi. Yanzu an ware ni, an san ƙofata. In wani ya yi ɓarna da layin nan fa?”

Ta ce to nan za a zo kai tsaye.

Ya miƙo mini wayar. A ranar ya sa aka canja kod, ya ce ni da shi kaɗai za mu sani, duk mai son shiga ya kawo wayarsa in sa masa da hannuna, baƙo kuwa ko surukinsa ne ya sayi kati. Ɗakin kusa da zaure ya ce a zuba tayoyi a ciki. Mutane sun zo neman haya, har da wani malamin asibiti da limamin unguwa ya kawo, ya ce ba ya bayarwa.

Maganar shafin ba mu taɓa jin ƙarshenta daga bakin hukuma ba, ba a sake kirana ba. A kasuwa an ce an kama wasu samari a Marwa. Wasu suka ce ba a kama kowa ba, mutumin yana ƙetaren iyaka. Wani dillalin auduga ya rantse cewa da hannun na ciki, amma bai san ko wane ne ba, kuma mutum ne da ke rantsuwa a kan komai. Duk wanda ya zo da sabon zance Yaya zai saurara, ya ɗauki wanda ya dace da abin da ke ransa. Ni wani lokaci ina ganin mun zalunci bawan Allah, wani lokaci kuma sabon babur ɗin nan ya faɗo mini a rai.

Bara bayan girbi wani direban babbar mota ya tsaya a shago ya sauke galan ɗin zuma, ya ce saƙo ne daga Touboro, a kai wa Alhaji da Malam da yara. Na kira Mesiye na yi godiya. Ya tambayi kowa, har da tsohuwar da ke yi mana wanki, ya ce matarsa ta haihu, in na sami hanya in zo. Na ce in sha Allahu.

A gida Hajiya ta ce wannan halin mutumin kirki ne, ita dama zuciyarta ba ta taɓa kwanciya da zargin ba. Matata ta dube ta. Yaya ya buɗe galan ya shinshina, ya ɗiga kaɗan a ruwa ya ga ko an haɗa da sukari, ya ce zuma dai mai kyau ce, amma mutum ba ya aiko da kaya daga wannan nisa haka kawai, mu jira mu ji abin da zai biyo baya. Ya ce shi ba zai sha ba. Ba abin da ya biyo baya. Yara suka yi ta lasa da burodi har galan ya yi rabi. Wata safiya na shiga falonsa karɓar makullin shago, na same shi da kofin kunu a gabansa, yana tsiyaya zumar a cokali. Ya ce tari ke damunsa, ya miƙo mini makullin.